Makaɗa Uku da Wutsiyar Surukina

Ni ba mai tatsuniya ba ce, kuma ban saba ƙara wa magana gishiri ba. Abin da zan faɗa a gonata ya faru, da rana tsaka, a gaban rabin mutanen garinmu Cedar Fork. Wanda bai yarda ba ya zo ya tambayi shanuna.

Sunana Bernadine Pulaski. Tun ina yarinya nake tatsar shanu safe da yamma, kuma rasuwar mijina Stanley ba ta sa na fasa ko sau ɗaya ba. 'Ya ɗaya Allah ya ba ni, Charlene, mai hankali a komai in ban da zaɓen miji. Duane ta aura.

Duane facin taya yake yi a bakin babbar hanya. Ya haura sittin. Tsakiyar kansa ta yi sanƙo fes kamar faranti, amma abin da ya rage a ƙeya ya tara shi ya ɗaure da roba, ya sauko masa har gadon baya kamar wutsiyar tsohon doki. Wutsiyar nan tana da tarihi. Wai yana saurayi motar wasu mashahuran makaɗan rok, kiɗan nan na jita mai ƙara, ta yi faci a gabansa, ya gyara musu, mawaƙinsu ya leƙo ta taga ya ja gashin ya ce, "Kada ka aske wannan, yaro." Daga ranar almakashi bai sake taɓa kansa ba. Daga ranar kuma in zai yi magana sai ya ce, "mu 'yan harkar kiɗa." Da ita aka ɗaura masa aure a coci. Da ita ya ɗauki gawar Stanley. Duk hoton gidanmu tana ciki.

Charlene tana da ɗan gidan abinci kusa da gidan waya. Ranar Asabar bayan tatsar safe nakan kai mata ƙwai in zauna in sha kofi. Kullum zan tarar da Duane a teburin taga ya tare maƙwabcina Vernon, ya jera kwalbar gishiri da ta barkono da gwangwanin sukari a gabansa.

"Ka gani, Baba Vernon, da za a ba ni dandamali na yini ɗaya, in kira wanda na ga dama. Gishiri su ne 'yan Ingilan nan masu ihu. Barkono 'yan California. Sukari kuwa mutanena ne da na yi wa faci. Gishiri ya buɗe, mutane suna neman wurin zama. Barkono ya biyo. Sukari ya rufe taro, don babba shi ke rufewa. Wannan doka ce."

"Wancan makon ai barkono ne ya rufe," in ji Vernon.

"Na sake tunani."

"To miƙo mini 'yan Ingilan, ƙwaina ba gishiri."

Wata Asabar a farkon bazara na gaji. Na ce, "Rabin mutanen da kake jerawa ai suna kabari."

"Sauran rabin sun san ni, Mama."

"Shekara arba'in kana tura gishiri a kan tebur. Ko bikin haihuwar kare ba ka taɓa haɗawa ba."

Duk gidan abincin ya yi dariya. Duane ya miƙe, ya gyara wutsiya, ya ce in ba shi filin da ke bayan ɗakin shanuna na yini ɗaya, zai yi abin da ba a taɓa yi ba a wannan jiha. Zai haɗa Tsawar Laraba, da Jirgin Gawayi, da Glenda da Zakarun Ƙarfe a taro ɗaya.

Waɗannan ukun su ne makaɗan yankinmu a zamanin da Charlene ke 'yar makaranta. Kowace ƙungiya ta yi faifai ɗaya da rediyo ya yi ta sakawa na ɗan lokaci, mutane suka yi rawa da shi a gidajen biki, sannan aka manta.

Vernon ya ajiye cokali. Ya ce, "Rabonsu da haɗuwa tun kasuwar baje kolin gunduma, shekarar da aka jefi juna da kujeru. Ka san a kan me?"

"Wannan tsohon zance ne. Ni zan iya da su."

Na ce, "Fili na ba ka. Me ka ajiye jingina?"

"Maganata, Mama."

"Ba ta sayen ƙwai. Ga sharaɗina. Waƙa ɗaya tak nake so, a fara ta, a kai ta ƙarshe, jama'a su tafa, kafin lokacin tatsar yamma. In an yi, fili naka ne kowace shekara. In ba a yi ba, wutsiyar nan tawa ce, a kan dandamalin, da almakashina."

Charlene ta ce, "Duane, zauna ka sha kofinka."

Ya ce, "Waƙa ɗaya? Talatin za ki ji." Ya miƙo hannu, muka tafa, Vernon ya zama shaida.

Mako biyu yana fama da waya a kicin ɗin Charlene. Ita ta zo ta faɗa mini abin da ta ji. Ya kira Lonnie, shugaban Tsawar Laraba, ya ce, "Kai za ka rufe, ɗan'uwa. Wa ya isa ya hau bayanka?" Ya kira Merle na Jirgin Gawayi ya ce, "Babban yaya, kai za ka rufe." Ya kira Glenda ya ce, "Sarauniya, ai mace ke kashe fitila."

Charlene ta ce masa, "Mutum uku ka ba kujera ɗaya."

Ya ce, "Harka ce, ba za ki gane ba. In sun ga jama'a zuciyarsu za ta yi sanyi."

Sai batun sanarwa. Sunan da ke sama shi ne babba, wannan ma doka ce. Duane ya ɗauki zanen gadon da na ba su ranar aure, ya rubuta sunayen uku da fenti a zagaye kamar taya, don kada wani ya hau kan wani. Ya rataye a ƙofar gidan abinci. Mako guda mutane suna tsayawa suna karkata wuya. Matar fasto ta karanta "Glenda da Gawayin Laraba," ta tambaya ko gasa nama za a yi.

Dandamali tirelar ɗaukar ingiricin Vernon ce. Wuta kuwa, Duane ya ja doguwar waya daga ɗakin tatsa, ya cire ta injin da nake tatsa da shi ya sa tasa.

Na ce, "In shanu suka zo ƙofa, zan cire taka in mayar da tawa."

"Kafin nan, Mama, kina kan kafaɗar jama'a."

"Wanda ya taɓa ni zai ga kafaɗa."

Ranar ta zo, Asabar ce cikin watan Agusta, rana tana dukan ƙasa. Ban yi zaton za a zo ba, amma an zo. Tsofaffi da kujerunsu na naɗewa, da baƙaƙen rigunan da suka matse musu ciki, da jikoki. Matan coci suka kafa tebur suna sayar da gasasshiyar masara da kek ɗin tuffa. Wanda bai kawo kujera ba ya zauna a kan damin ingirici. Duane yana zagayawa da baƙin tabarau, ya wanke wutsiya ya shafa mata mai tana ƙyalli.

Motoci uku suka shigo, kowace ta nemi kusurwar da ta fi nisa da sauran ta tsaya. Aka sauke ganguna da lasifikoki. Sannan kowa ya koma cikin motarsa ya rufe gilashi. Babba ba ya fitowa sai ƙarami ya gama.

Jama'a suka ci masara. Suka ci kek. Dandamali ba kowa sai kazata ɗaya da ta hau ta zagaya ta sauka.

Duane ya nufi motar Lonnie. Na bi shi, don in mutum zai faɗa rijiya ina so in ga zurfinta. Lonnie ya sauke gilashi. Ya haura saba'in, yana sanye da wandon fata, sandarsa a kan cinya.

"Ɗan'uwa, ɗan canji aka samu. Ka hau ka ɗan ɗumama mana wurin."

"Ni in buɗe wa Merle? Merle da ya koyi riƙe jita a garejin ubana? Je ka ce ya gama, ina jira."

Merle yana kwance a kujerar baya, an ɗora masa fanka a kan cikinsa. Ya ce, "Yaro, likita ya hana ni abu uku. Gishiri, taba, da buɗe wa Lonnie taro."

Glenda tana shafa jan baki a madubin mota, ko juyowa ba ta yi ba. Ta ce, "Ɗaya na aure shi, ɗaya na ƙi shi. Dukansu sun san wa ke yin maganar ƙarshe." Sai ta hango ni. "Sannu, uwar gida. Wannan naki ne?"

Na ce, "Na 'yata ne. Ni gashin kawai nake jira."

Duane ya goge gumi ya ce ba komai, in ba mai buɗewa shi zai buɗe. Ya ɗauko tsohuwar jitarsa ya hau tirela. Ya kama makirufo, abin ya yi wata ƙara da ta sa jarirai biyu kuka.

"Cedar Fork, kun shirya?"

Vernon ya ce, "Tun ɗazu."

Duane farkon waƙa ɗaya kawai ya iya a duniya. Ya kaɗa shi. Da ya kai inda iliminsa ya tsaya sai ya koma ya sake. A karo na uku ya ce zai juya wutsiya yadda ake yi, ya wurga kai, wuyansa ya riƙe. Ya tsaya a karkace kamar kazar da ke kallon shaho. Charlene ta ɗaga hannu za ta tafa, na dube ta, ta gyara gashinta.

Ya leƙo daga sama. "Mama, wannan ta shiga lissafi?"

"Ina ƙarshenta?"

Ya sauko a karkace ya koma wa motoci. An buɗe taro, saura na biyu. Lonnie ya ce na biyu ai mai buɗewa ne da ya makara. Merle ya ce a tashe shi in Lonnie ya gama. Duane ya ce a yi ƙuri'a da tsinke. Glenda ta ce ita ba ta cacar abin da yake nata. A nan ne kuma Lonnie ya ce, "Ni fa alkawari aka yi mini." Merle ya tashi zaune ya ce shi ma. Glenda ta rufe jan bakinta. Su ukun suka fito a karon farko, suka sa Duane a tsakiya.

Da wani ne, da ya ba da haƙuri. Duane sai ya ɗaga yatsa, fuskarsa ta washe.

"Na samo. Ba mai buɗewa. Tirela uku, ku hau tare, ku fara tare. Wanda ya riga yin shiru shi ne ƙarami. Wanda ya yi saura shi ya rufe taro."

Tsofaffin suka dubi juna. Lonnie ya ce, "Na yarda." Merle ya ce, "A kawo mini kujera." Glenda ta ce, "Ku yi sallama da iyalanku."

Duane ya zo kusa da ni yana haki. "Kin gani, Mama? Shekara arba'in ba wanda ya warware wannan."

Vernon ya ce, "Yaron nan da fetur yake kashe gobara." Amma ya hau tarakta ya jawo sauran tirelolinsa biyu, don shi ma yana son ganin zurfin rijiyar.

Aka jera su. Duane ya ɗaga hannu ya sauke. Ƙungiya uku, waƙa uku daban, lokaci ɗaya.

Na taɓa jin guguwa ta ɗauke rufin kwano, na taɓa jin alade ya maƙale a shinge. A haɗa su a ƙara da jirgin ƙasa. Karnuka suka shige ƙarƙashin motoci. Shanuna suka ruga can ƙarshen makiyaya suka juya mana baya. Tsofaffi suka fara cire abin ƙara jin da ke kunnuwansu suna sawa a aljihu. Vernon ya cire nasa, ya jingina da dami yana murmushi. Har yau yana cewa bai taɓa jin daɗin kiɗa irin na ranar ba.

Duane yana tsalle a gaba, wuya a karkace, yana nuna ni da yatsa. A ganinsa ya ci. Waƙar Lonnie ce ta fara zuwa ƙarshe. Ya ɗaga jita sama zai sauke bugun rufewa, mutane suka shirya hannu. Sai ya saci kallon Merle, ya ga bakinsa yana motsi. Ya sauke jitar a hankali ya koma baitin farko.

Merle ya kai ƙarshen tasa, ya dubi Glenda, ya koma farko. Glenda ko nuna alamar ƙarshe ba ta yi ba.

Ɗazu ba mai farawa. Yanzu ba mai tsayawa.

Na ga lokacin da Duane ya gane. Tsallen ya ragu, ya ragu, ya tsaya. Hannunsa ya tafi ƙeya.

Ya haye tirelar Lonnie yana yi masa ihu a kunne. "Ƙarasa guda ɗaya kawai, su tafa, ka ɗora wata."

"In na tsaya numfashi ɗaya Merle zai ce na yi shiru."

Ya haye ta Merle. Merle yana zaune, fuska ta yi ja kamar tumatir, ya daina faɗin kalmomi sai gurnani. Ya buɗe baki zai amsa, haƙoransa na roba suka faɗo a kan jita. Ya tura su aljihu ya ci gaba da dasashi.

Ya durƙusa a gaban Glenda. Muryarta ta riga ta tafi, kacau-kacau kawai take girgizawa a bakin makirufo. Ta girgiza masa a fuska.

Masu ganga su suka fara watsewa. Na Merle ya ce zai zaga bayan gida, bai dawo ba. Na Glenda matarsa ta zo ta kama shi ta kai shi inuwa ta ba shi maganinsa. Na Lonnie barci ya kwashe shi da sanduna a hannu. Sauran mabiya suka zame ɗaya bayan ɗaya suka nufi teburin kek, aka bar shugabanni uku. Wandon fatar Lonnie ya ɓarke a baya, ya juya wa jama'a gaba ya ci gaba. Fasto ya je ya roƙe su don girman Allah, ba wanda ya ji shi.

Duane ya juyo wajen jama'a ya fara tafi shi kaɗai, yana yi musu alama su taya shi. Wata tsohuwa ta ce, "An gama ne?" Jikarta ta ce a'a. Ta mayar da hannunta cikin jaka.

Ba wanda ya tafi gida. Duk garin ya san da jinginar.

Shanu ba su san kiɗa ba amma sun san lokaci. Inuwar ɗakin tatsa ta kai shinge, sai ga su sun jero a ƙofa, babbar a gaba, suna kuka. Na tashi na kakkaɓe siket. Duane ya sha gabana.

"Mama, minti biyar. Merle ya kusa faɗuwa."

"Nono ba ya jira."

Na shiga na cire wayarsa na sa tawa. Duniya ta yi tsit, har na ji kunnena yana ƙara. Na tatse shanuna tsaf, ban yi gaggawa ba, na wanke bokitai, na ɗauko almakashin ɗinkina na fito.

Jama'a suna nan. Makaɗan ma suna nan. Ba wuta, amma Lonnie ya taɓa tsirkiya ta ce tin. Merle ya taɓa tasa ta ce tin. Glenda ta ce kacau. Sai Lonnie ya sake. Haka suke tun da na shiga.

Da mutane suka ga almakashi sai suka fara buga ƙafa a ƙasa suna kiran sunana, yadda ake yi wa makaɗi in ana son ƙari. Vernon ya mayar da abin kunnensa, ya kafa mini dami na taka na hau tirelar tsakiya. Charlene da kanta ta kawo kujera ta zaunar da mijinta, ta dafa kafaɗarsa.

Tin. Tin. Kacau.

Na juya na dube su. Na ce, "Ya isa."

Su ukun suka yi shiru tare.

Duane ya ɗago ido a karkace. "Mama, ko kamu ɗaya a bar mini. Don tarihi."

Na ce, "Ni in na fara abu ina kai shi ƙarshe."

Gashi ne mai tauri, sai da na sa hannu biyu. Da ya rabu na ɗaga shi sama. Tafin da aka yi ya kori tsuntsaye daga kan rufi, kuma shi ne tafi na farko da jama'a suka yi a filin nan tun safe.

Vernon ya ce, "To, yau dai an san wanda ya rufe taro."

Lonnie ya yi tunani, ya riƙe bayan wandonsa, ya ce, "Muddin ba Merle ba ne."

Merle ya ce wani abu, ba haƙora, ba wanda ya gane. Glenda ta miƙo mini kacau-kacau ɗinta ta ce in ajiye, na fi ta cancanta. Na ce ba ni da wurin shirgi. Daga baya aka ga su ukun a teburin matan coci suna cin kek a faranti ɗaya, suna gardamar wanda zai ci yankan ƙarshe.

Asabar ta gaba na kai ƙwai. Duane yana teburin taga da hula har kunne. Ya jera gishiri da barkono da sukari, ya ƙara da butar kofi a ƙarshen layi.

"Ka gani, Baba Vernon, ba wanda ya taɓa haɗa ukun nan a fili ɗaya sai ni. Ba su tsaya ba ko na minti ɗaya. Ka taɓa jin taron da makaɗa suka ƙi sauka?"

"Butar fa?"

"Mama ce. Tun farko ita na shirya ta rufe. Sirri ne na harka."

Na ce, "Miƙo ni nan, kofina ya huce."

Wutsiyar tana ɗakin tatsa. Na ɗaure ta a kan sanda ina kore wa shanu ƙuda da ita. Aikin da ta yi mini a mako ɗaya, ba ta yi shi ba a shekara arba'in da ta yi a kansa.